Yadda Ake Auna Wariya Wajen Ɗaukar Aiki Ta Hanyar Takardun Gwaji

Ɗalibai masu rubuta kundin digiri na biyu da ma'aikatan ƙungiyoyin kare haƙƙin tsiraru sun sha aiko da tambaya iri ɗaya: ta yaya za a kafa hujja cewa ana hana wasu aiki saboda launin fata, ƙabila ko addini, alhali babu mai ɗaukar aikin da zai amsa da bakinsa? Tambayar mutane kai tsaye ba ta isa. Wanda aka ƙi kira bai san dalilin da ya sa aka ƙi shi ba, wanda ya ƙi kiran kuma sau da yawa shi kansa bai lura da abin da ya yi ba.

Hanyar da ta fi ba da hujja mai ƙarfi ita ce ka ƙirƙiri masu neman aiki waɗanda babu su a duniya, ka ba su takardu masu nauyi ɗaya, ka bar abu ɗaya tak ya bambanta su, ka tura su guraben aiki na gaske, sannan ka ƙirga wanda aka kira. Haka Marianne Bertrand da Sendhil Mullainathan suka yi a Boston da Chicago a Amurka, a binciken da suka wallafa a 2004. Sun tura takardu kusan 5,000, kuma masu sunayen fararen fata sun sami kira kusan kashi 9.7 cikin 100, masu sunayen baƙar fata kashi 6.5. Duk matakan da ke ƙasa aikinsu ɗaya ne, su tsare maka wannan sharaɗi na cewa abu ɗaya kaɗai ya bambanta.

1. Tsayar da tambaya guda

Ka rubuta tambayarka a jumla ɗaya mai ɗauke da abubuwa huɗu: rukunonin da za a kwatanta, nau'in aikin, yankin, da abin da za ka ƙirga. Misali: "Shin a guraben aikin akanta na matakin farko a manyan birane uku, mai suna na rukunin tsiraru yana samun gayyatar intabiyu ƙasa da mai suna na rukunin masu rinjaye?"

Ka zaɓi ayyukan da ake sanarwa a fili kuma ake nema da takarda kawai, irin su sayar da kaya, aikin ofis, karɓar baƙi da lissafin kuɗi. Ayyukan da ke buƙatar lasisi mai lamba, kamar likitanci ko lauyanci, ka bar su.

Gargaɗi: sabon mai bincike yakan so ya auna launin fata da jinsi da addini da shekaru duka a lokaci ɗaya. Kowane abu da ka ƙara yana ninka yawan rukunoni. Abubuwa biyu masu fuska biyu-biyu rukuni huɗu ke nan, abubuwa uku rukuni takwas, kuma kowane rukuni yana buƙatar nasa ɗaruruwan takardu.

2. Neman izinin kwamitin ɗa'ar bincike

Wannan bincike ya ƙunshi yaudara, domin masu ɗaukar aikin ba su san ana gwada su ba, ba kuma a nemi yardarsu ba. Don haka kada takarda ko ɗaya ta fita kafin kwamitin ɗa'ar bincike na jami'arka ko cibiyarka ya ba ka izini a rubuce. Mujallu masu daraja ba sa karɓar aikin da ba shi da wannan izini, kuma ba a bayar da shi bayan an gama aiki.

Kwamiti zai so ka amsa abubuwa uku. Me ya sa ba za a iya samun amsar ba tare da yaudara ba? Wane nauyi za ka ɗora wa masu ɗaukar aikin, kuma yaya za ka rage shi? Yaya za ka ɓoye sunayen kamfanoni da na ma'aikatansu? Ka shirya amsoshin kafin ka shiga.

Gargaɗi: ka nemi shawarar lauya kan dokar ƙasar da za ka yi aikin. A ƙasashe da dama ba da bayanin ƙarya a fom ɗin aikin gwamnati laifi ne. Ƙirƙirar takardar shaidar makaranta ta jabu, ko katin shaida, ko amfani da lambar shaidar wani mutum, laifi ne kusan ko'ina. Duk gurbin da ya nemi ɗaya daga cikin waɗannan, ka tsallake shi ka rubuta dalili.

3. Zaɓen sunaye

A nan ne aka fi yin kuskure, kuma kuskuren nan ba ya gyaruwa daga baya. Suna shi ne alamar da kake dogaro da ita, amma suna ba ya faɗin abu ɗaya kawai. Yana iya nuna ƙabila, ya nuna addini, ya nuna shekaru, ya kuma nuna ko gidan da mutum ya fito na masu hali ne ko na talakawa. S. Michael Gaddis ya nuna a 2017 cewa a Amurka, sunayen da iyaye mata baƙar fata masu zurfin ilimi suka fi sa wa 'ya'yansu, mutane ba su cika gane su a matsayin na baƙar fata ba kamar sunayen da marasa zurfin ilimi suka fi sawa. Ma'ana, idan ba ka yi hattara ba za ka auna ƙyamar talauci ka kira ta wariyar launin fata, ko ka haɗa su biyun ba tare da ka iya raba su ba.

Ga yadda ake yi. Da farko ka tara sunaye 30 zuwa 40 ga kowane rukuni daga tushe na gaske, kamar rajistar haihuwa, jerin waɗanda suka kammala makarantu, ko alƙaluman ƙidaya, na mutanen da shekarunsu suka dace da masu neman aikin da za ka ƙirƙira. Sannan ka gwada sunayen a kan mutanen da ba su san manufar binciken ba, aƙalla 100, kuma zai fi kyau su yi kama da masu tace takardun neman aiki. Ka nuna musu suna ɗaya-ɗaya ka tambaye su: wannan ɗan wane rukuni ne, namiji ne ko mace, shekarunsa nawa a ganinka, iyayensa sun yi karatu mai zurfi ko a'a? Ka riƙe sunayen da aƙalla mutum 8 ko 9 cikin 10 suka gane rukuninsu daidai, sannan ka daidaita ɓangarorin biyu ta yadda hasashen matsayin iyali zai zo kusa da juna.

Kada ka tsaya a suna ɗaya ko biyu ga kowane rukuni. Idan suna ɗaya ne, kuma ya zamana akwai wani sanannen mai laifi ko ɗan siyasa da ake ƙi mai wannan suna, to shi ka auna. Sunaye 8 zuwa 10 ga kowane rukuni sun isa su narkar da irin wannan matsala. Ka kuma bincika kowane cikakken suna a intanet, domin kada ka ɗora wa wani mutum na gaske takardun da bai rubuta ba.

Idan abin da kake son aunawa yana tafiya manne da wani abu, sai ka raba su da dabara. Claire Adida da David Laitin da Marie-Anne Valfort sun yi haka a Faransa a binciken da suka wallafa a 2010. Sun so su raba addini da asali, sai suka ba masu neman aiki biyu sunan iyali ɗaya na Senegal, wato Diouf, ɗaya Marie ɗaya Khadija, suka ƙarfafa alamar da aikin da kowacce ta taɓa yi a ƙungiyar agaji ta addininta. Marie ta sami kira kusan ninki biyu da rabi na Khadija. Da sun kwatanta Khadija da Bafaranshiya farar fata kawai, da ba wanda zai iya cewa addini ne ko launi.

4. Haɗa takardun

Ka tara takardun si-bi na gaske na irin aikin, ka nazarci yadda ake tsara su, amma kada ka kwafi na kowa. Ka gina rumbun sassa: makarantu, wuraren da aka yi aiki, ƙwarewa, adireshi, salon rubutu da wasiƙar neman aiki. Daga nan kwamfuta ce za ta haɗa kowace takarda ta hanyar ƙuri'a, kuma suna shi ne abu na ƙarshe da za a manna, shi ma ta ƙuri'a. Joanna Lahey da Ryan Beasley sun samar da manhaja ta musamman don wannan aiki, amma wanda ya iya harsunan rubuta manhaja irin su R ko Python zai iya rubuta tasa, har da Excel da Word ma ana iya yi idan takardun ba su da yawa.

Dalilin barin suna zuwa ƙarshe shi ne hannun ɗan Adam ba ya adalci ko da ya yi niyya. Mai rubuta takarda da ya san ta ɗan tsiraru ce zai iya ƙawata ta don tausayi, ko ya rage mata don yana son sakamako ya fito. Ko wanne ya faru, binciken ya lalace.

Ka yi takardu masu daraja biyu, matsakaita da masu ƙarfi, ka raba su daidai tsakanin rukunonin. Wannan yana da amfani biyu. Na farko, yana nuna ko ƙarin ƙwarewa na amfanar kowa daidai. A binciken Boston da Chicago, takarda mai ƙarfi ta ƙara wa masu sunayen farare kira sosai fiye da yadda ta ƙara wa masu sunayen baƙaƙe. Na biyu, akwai suka da masanin tattalin arziki James Heckman ya yi wa irin wannan bincike, cewa idan duk takardun daraja ɗaya ne sakamakon zai iya karkata, kuma gyaran da David Neumark ya kawo a 2012 yana buƙatar takardu masu daraja daban-daban.

Gargaɗi: adireshi, makaranta, harsunan da mutum ke ji da ƙungiyoyin da yake ciki duk suna tona asali. Idan ka ba mai sunan masu rinjaye adireshin unguwar da aka san ta tsiraru ce, ka ruɗa alamar. Ka yi amfani da unguwanni da makarantun da kowa ke shiga. Idan al'adar wurin ce a manna hoto, ka san cewa hoto yana shigo da kyawun fuska da shekaru da sutura, don haka sai an gwada hotunan kamar yadda aka gwada sunaye.

Kafin ka ci gaba, ka ba mutum biyu ko uku da suka taɓa aikin tace masu neman aiki samfurin takardun ba tare da sunaye ba, su gaya maka ko akwai wadda ta yi kama da ta bogi.

5. Layukan waya da imel

Kowane suna yana buƙatar imel nasa, a tsari iri ɗaya da kamfanin imel iri ɗaya ga kowa. Layukan waya kuwa, aƙalla ɗaya ga kowane rukuni a kowane birni, kuma kada takardu biyu da za su je kamfani ɗaya su ɗauki lamba ɗaya. Ka sa saƙon murya na na'ura, ba muryar mutum ba, domin karin harshe alama ce ta daban.

Ka buɗe adireshin imel ɗin makonni kafin fara aiki ka riƙa amfani da su kaɗan-kaɗan. Sabon imel da ya fara tura saƙonni da yawa rana ɗaya yakan faɗa akwatin saƙonnin banza ko a rufe shi. Idan hakan ya sami ɓangare ɗaya ba ka sani ba, za ka ga tazarar da ba wariya ce ta haifar da ita ba.

6. Lissafin yawan takardu

Wannan lissafi ana yin sa kafin a tura komai. Ya dogara da abubuwa biyu: yawan kiran da ake samu a kasuwar, da girman tazarar da kake son ganowa. A bisa ma'aunin da aka saba, wato damar gano tazara kashi 80 cikin 100 da haɗarin ƙararrawar ƙarya kashi 5, ga abin da lissafi ke bayarwa ga kowane rukuni ɗaya:

- kashi 30 da kashi 20: takardu kusan 295
- kashi 10 da kashi 5: kusan 435
- kashi 10 da kashi 7: kusan 1,350
- kashi 10 da kashi 8: sama da 3,200

Ka lura da yadda adadin ke tashi da zarar tazarar ta ƙanƙance. Manhajar G*Power kyauta ce kuma tana yin wannan lissafi cikin minti ɗaya. Binciken da ya tura takardu 200 ya ce bai ga wariya ba, bai nuna babu wariya ba, ya dai nuna ba shi da ƙarfin ganinta. Irin wannan sakamako yana cutar da mutanen da aka so a taimaka, domin za a ɗauke shi a kafa hujja da shi a kansu.

7. Takarda ɗaya ko biyu ga kowane gurbi

Idan ka tura biyu, ɗaya daga kowane rukuni, za ka ga yadda kamfani ɗaya ya bi da mutum biyu, kuma guraben da kake buƙata sun ragu. Illarsa ita ce ana iya gano ka, sannan takardunka biyu suna gogayya da juna. Idan ka zaɓi wannan, ka bambanta salon rubutu da tsarin shafi, ka bar sa'o'i da yawa ko kwana ɗaya tsakaninsu, kuma ƙuri'a ta yanke wadda za ta fara tafiya. Idan ɓangare ɗaya ne kullum ke riga isa, ka auna amfanin sammako ne.

Takarda ɗaya ga kowane gurbi ta fi aminci, ta fi sauƙi ga masu ɗaukar aiki, amma tana cin gurabe ninki biyu. A ƙaramar kasuwa inda masu ɗaukar aiki suka san juna, ita muke ba da shawara.

8. Rajista da gwajin share fage

Ka rubuta tsarinka duka, da tambaya da adadi da abin da za ka ƙirga a matsayin kira da irin lissafin da za ka yi, ka ajiye a rumbun rajista kamar OSF ko AEA RCT Registry kafin ka ga sakamako. Wannan ne zai kare ka ranar da wani ya ce ka juya alƙaluma har suka faɗi abin da kake so.

Sai ka tura takardu 50 zuwa 100 na gwaji. Manufar ba ganin wariya ba ce. Kana duba ko saƙonni na isa, ko layuka na ɗaukar kira, minti nawa kowace takarda ke ci, da kashi nawa ake kira. Idan kiran bai kai kashi 3 ko 4 cikin 100 ba, takardunka sun yi rauni ko kasuwar ta mutu, sai ka gyara ka sake lissafin mataki na 6.

9. Turawa da rubuta amsoshi

Ka tsayar da ƙa'idar zaɓen gurbi a rubuce, mataimakanka su bi ta ba tare da son rai ba, kuma sai an zaɓi gurbi sannan kwamfuta ta fitar da sunan da zai je. Ga kowace takarda ka rubuta lambar kamfani, nau'in aiki, birni, ranar sanarwa, ranar turawa da sa'a, sunan da aka yi amfani da shi, darajar takarda, da wanda ya tura. Ka adana hoton sanarwar, domin ana goge su.

Amsa iri huɗu ce: gayyatar intabiyu, neman ƙarin bayani, ƙi a fili, da shiru. Saƙon na'ura mai cewa an karɓi takardarka ba amsa ba ne. Ka sa wa'adi ɗaya ga kowa, misali kwana 30. Wanda zai rarraba amsoshin a rufe masa sunan mai nema, kuma mutum na biyu ya sake rarraba wani kaso a ga ko sun dace.

Da zarar an kira, ka amsa cikin kwana ɗaya da ladabi cewa mai neman ya sami wani aikin. Wannan ba zaɓi ba ne. Duk ranar da ka bar gurbi a riƙe saboda mutumin da babu shi, akwai mai neman aiki na gaske da ke zaune yana jira.

10. Lissafin sakamako

A ce ka tura takardu biyu-biyu ga kamfanoni 1,000. An kira duka biyun a 60, an kira ɗan masu rinjaye kaɗai a 45, ɗan tsiraru kaɗai a 20, sauran 875 shiru. Ɗan masu rinjaye ya sami 105, wato kashi 10.5, ɗan tsiraru 80, wato kashi 8. Tazarar maki 2.5 ce, ko kuma a ce na farko ya fi na biyu samun kira da kusan kashi 31 cikin 100. Ka kawo alƙaluman biyu tare a rahotonka, domin kowanne shi kaɗai yana iya ruɗar mai karatu.

Gwajin McNemar, lissafin da ke nuna ko tazarar ta wuce sa'a, yana duba wuraren da aka kira mutum ɗaya kaɗai ne kawai: ka cire 20 daga 45, ka ninka 25 da kansa ya ba ka 625, ka raba da 65 (45 da 20 a haɗe), ka sami 9.6. Tunda ya haura 3.84, wato iyakar wannan gwaji a haɗarin ƙararrawar ƙarya kashi 5, da wuya a ce sa'a ce kawai ta kawo tazarar. Idan za ka yi lissafi mai zurfi a manhajar ƙididdiga kamar R ko Stata, ka gaya wa manhajar cewa takardun da suka je kamfani ɗaya a haɗe suke, in ba haka ba za ta ba ka tabbacin da ya wuce gaskiya.

Gargaɗi: idan ka yanka bayananka gida 20, birni-birni da aiki-aiki, a ƙa'ida ɗaya daga ciki zai iya fitowa kamar yana da ma'ana ko da babu komai. Ka tsaya kan abin da ka yi wa rajista, sauran ka kira su hasashe.

Kada kuma matsakaicin adadi ya rufe maka ido. Patrick Kline da Evan Rose da Christopher Walters sun tura takardu kusan 83,000 ga manyan kamfanonin Amurka 108, suka wallafa a 2022. Matsakaicin tazarar maki 2.1 ne, amma kusan rabin kiran da masu sunayen baƙar fata suka rasa ya fito ne daga kashi ɗaya cikin biyar na kamfanonin. Ga mai son a gyara, sanin inda matsalar ta taru ya fi matsakaicin amfani.

11. Inda kuɗin ke tafiya

Kaso mafi girma na kasafin shi ne albashin mataimaka. Idan takarda ɗaya tana cin minti 15 tsakanin neman gurbi da cike fom da rubuta bayani, takardu 2,700 sa'o'i 675 ke nan, ban da sauraron saƙonni da mayar da amsa. Bayan haka sai ladan waɗanda za su gwada sunaye, layukan waya da kuɗin riƙe su har ƙarshen wa'adi, intanet, da ɗan lokacin masanin ƙididdiga a mataki na 6 da na 10. Manhajojin da ake buƙata akwai na kyauta. Idan kuɗi ya gaza, ka rage birane ko nau'o'in aiki. Kada ka rage gwajin sunaye ko adadin takardu na kowane rukuni.

12. Rubuta rahoto

Ka faɗi iyakar abin da ka auna. Ka auna ƙofar farko ce kawai, wato kira zuwa intabiyu, a guraben da aka sanar a fili. Ba ka ga abin da ke faruwa a ɗakin intabiyu ba, ko albashi, ko ƙarin girma, ko ayyukan da ake samu ta hanyar sanayya, waɗanda a wurare da yawa su ne suka fi yawa. Binciken kuma bai gaya maka abin da ke zuciyar mai tacewa ba, ko ƙiyayya ce ko zato ne game da ƙwarewa. Don sanin wannan sai ka haɗa da hira da masu ɗaukar aiki da kuma masu neman aikin kansu.

Ka sa jerin sunayen da sakamakon gwajinsu, da samfurin takardun, da yawan guraben da ka tsallake da dalili. Kada sunan kamfani ko na ma'aikaci ya fito sai in kwamitin ɗa'a ya amince da hakan tun farko. Fayil ɗin da ke haɗa lambobi da sunayen kamfanoni ka ajiye shi daban a kulle da kalmar sirri, ka goge shi a ranar da ka yi wa kwamiti alkawari, ka rufe layukan waya da imel ɗin bayan wa'adi ya cika. Sannan ka shirya taƙaitaccen bayani na shafi biyu cikin harshe mai sauƙi, ka kai wa ƙungiyoyin mutanen da ka yi binciken a kansu da kuma hukumar da ke da alhakin daidaito a wuraren aiki, kafin ko a ranar da rahoton zai fita.